Ranar da kwamfutar shago ta ƙi tashi

Talata da dare, Yamai.

Na idar da isha'i, yara sun kwanta. Bari in rubuta abin da ya faru yau tun ban manta hanyar da na bi ba.

Jiya da dare an ɗauke kuran a Harobanda, bai dawo ba sai gab da asuba. Ƙarfe 8 na buɗe shago na kunna babbar kwamfuta, wadda duk aikin buga takardunmu yake kanta, sai na ci karo da baƙin allo da layi biyu kacal: error: no such device da wasu dogayen lambobi, a ƙasansu grub rescue>. Gabana ya faɗi. A cikinta akwai kundin kammala karatu na wata ɗaliba ta Jami'ar Abdu Mumuni, shafi 86, mako biyu muna gyara shi tare, kuma yau da la'asar za ta kai wa malaminta kwafi uku.

Faifan ajiya uku ne a cikin na'urar. Na farko ƙaramin SSD mai Ubuntu, wani nau'in Linux, nan nake aikina. Na biyu mai Windows 10, saboda masu zuwa da takardun Word da ba sa son tsarin shafinsu ya motsa. Na uku tsoho ne, na ciro shi daga kwamfutata ta da, na mayar da shi rumbun hotuna da tsofaffin ayyuka.

Na rubuta umarnin ls in ga faifan da GRUB, wato mai tada na'ura, yake gani. Ya nuna (hd0) da (hd0,msdos1), sai (hd1) da (hd2) tsirara, ko sashe ɗaya babu a jikinsu, kamar ba a taɓa rubuta komai a kansu ba. Ɗan ƙanwata da ke koyon aiki a wurina ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Kawu, faifan sun mutu. Mu goge komai mu sake sakawa, kafin azahar mun gama." Na ce masa kada ya kuskura ya taɓa. Yaron yana da ƙoƙari, amma gyaran da ya gani a wajen abokansa ke nan: da zarar na'ura ta yi gardama, a share ta. Abin yana yi mini ciwo, don na sha ganin mutum ya rasa aikin shekara guda alhali fayilolinsa suna nan lafiya lau, hanyar isa gare su ce kawai ta ɓace.

Kalmar msdos ɗin nan, wadda alama ce ta tsohon tsarin raba faifai na MBR, ita ta tsaya mini a rai. Faifan Ubuntu da na Windows duk a sabon tsarin GPT na raba su, da UEFI, sabuwar hanyar tashi, suke tashi. Wanda yake kan tsohon tsarin MBR shi ne na uku. Ke nan ba GRUB ɗina na yanzu ne yake magana da ni ba, wani ne daban. Sai na tuna tsohon faifan ya taɓa ɗaukar Linux shekarun baya. Na goge sashen, amma mai tada na'ura ba a cikin sashe yake zama ba. Yana farkon faifai, a cikin bayit 512 na farko da ɗan filin da ke bin su, kuma goge sashe ba ya kaiwa can. Shi ne ya farka yau yana neman gidan da aka daɗe da rushewa. Da yake tsarin MBR kaɗai aka ɗora masa lokacin da aka girka shi, bai iya karanta sauran faifan biyu ba, shi ya sa ya nuna su wayam.

To me ya tashe shi? Na sake kunnawa na shiga BIOS, inda ake saita na'ura kafin ta tashi, sai ga kwanan wata ya koma 2017, agogo yana nuna tsakar dare. Ƴar batir ɗin nan mai kama da kwabo, CR2032 mai volt 3, wadda take riƙe saiti idan babu wuta, ita ce ta ƙare. Daren jiya na'urar ta kwana ba kuran ba batir, saitin ya koma yadda ya fito daga masana'anta, ya sa tsohuwar hanyar tashi a gaba.

Na aiki yaron a kabu-kabu ya ƙetare gadar Kennedy ya sayo sabuwa wajen masu gyaran agogo, dala 100. Kafin ya dawo na buɗe akwatin na hure ƙurar da ta daskare a fanka, ja jawur, har da gawar ƙwaro a gefen faifai. Zafi ya riga ya sauka, gumi yana ɗiga daga haɓata, dole na ɗaura ƙyalle don kada ya faɗa kan allon.

Wajen ƙarfe 11 ɗalibar ta shigo. Da ta ga cikin kwamfuta a buɗe sai idonta ya kawo ruwa. "Malam, aikina fa?" Na ce, "Ɗiyata, zauna ki sha ruwa. Aikinki yana nan, in sha Allahu." Ta zauna a benci tana jan carbi, ba ta ƙara cewa uffan ba.

Na saka batir, na gyara kwanan wata, na mayar da tashi kan UEFI. Na'urar ta zarce Windows kai tsaye, sunan Ubuntu ma ya fita daga jerin. Kundin kuwa a ɓangaren Ubuntu yake. Na ɗauko kilen USB da nake ajiye Ubuntu a kansa na tada na'urar da shi. Da na kira efibootmgr, umarnin duba jerin tashi na UEFI, ya ce EFI variables are not supported on this system, wato ba ta hanyar UEFI na tashi ba. Kilen yana fitowa sau biyu a jerin zaɓi, ni kuma na ɗauki wanda ba UEFI a gaban sunansa. Na sake tadawa da ɗayan, na duba /sys/firmware/efi na ga yana nan, alamar da UEFI na tashi, sannan hankalina ya kwanta.

A nan ne na fi taka tsantsan. SSD ɗin da na saba gani a matsayin sda, yau sdb ya fito. Waɗannan haruffa suna bin wanda na'ura ta fara gani ne, suna iya sauyawa daga tashi zuwa tashi. Na yi lsblk -f don ganin jerin sassan, na buɗe fstab, fayil ɗin da Ubuntu yake rubuta sassansa, na gwada lambobin UUID, wato lambar shaidar kowane sashe, ɗaya bayan ɗaya, yaron yana karanto mini ina bi da yatsa. Sai da suka yi daidai na haɗa sashen Ubuntu da ƙaramin sashen EFI mai FAT32, na shiga cikin Ubuntun faifan da umarnin chroot, na yi grub-install da update-grub don sake girka GRUB. Amma kafin duk wannan, abu na farko da na yi da na ga fayiloli shi ne kwafe kundin zuwa wani kile na damƙa mata a hannu.

Ubuntu ya tashi. Windows kuma bai fito a jerin GRUB ba. Wannan na san shi: tun fitowar GRUB 2.06 a 2021, os-prober mai lalubo sauran tsare-tsare a kashe yake zuwa, saboda tsaro. Na ƙara layin GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false a /etc/default/grub, na sake update-grub, sai ga sunayen biyu a jere.

Ƙarfe 2 da rabi na'urar bugawa ta fara fitar da shafuka. Muka ɗaure kwafi uku da bango shuɗi. Ta yi ta sa albarka har bakin ƙofa, ta tare taksi ta wuce.

Tsohon GRUB yana nan a farkon faifai na uku, ban taɓa shi ba, don kuskuren harafi ɗaya a wannan wurin yana iya tafiya da teburin sassan gaba ɗaya. Sai na kwashe hotunan zuwa wani faifai tukuna. Agogon Windows kuma yana baya da awa guda, saboda Ubuntu yana ajiye lokacin UTC a na'ura, Windows yana ɗaukarsa a matsayin lokacin Nijar. Na bar wa yaron wannan ya bincika gobe da kansa. Na kuma manna wa kowane faifai farar takarda da biro: abin da ke cikinsa, GPT ne ko MBR, da ranar da aka sauya batir.