Fangalin gasaya a lambun rani

A nan Marwa, a arewacin Kamaru, da zarar ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba, ganyayen da muke tsinka kyauta a bayan gari sai su ɓace, a koma ga busasshen ganyen da mata suka shanya tun damina. Wanda na fi jin rashinsa shi ne gasaya, mai yatsun ganye biyar da farin fure, wadda ke fitowa da kanta a kan juji da tsohon mashekarin shanu. Masu lambun gefen kogin Mayo Kaliao sun duƙufa kan albasa da salak, domin su ne ke kawo kuɗi, amma ni ina ganin gasaya ta cancanci fangali guda a kowane lambu.

Shekarar da na fara gwadawa ban sami abin kirki ba. Na ɓare kwanson da ya bushe, na yafa irin a makon nan, kuma abin da ya tsiro bai kai a ƙirga ba. Daga baya ne wata gwaggona ta ce mini, "Ɗana, ai sabon irin gasaya barci yake yi." Gaskiya ta faɗa, domin irin da aka ajiye wata shida ko fiye a busasshen wuri ya fi tsirowa nesa ba kusa ba. Tun daga lokacin nake shuka irin bara.

Irin ƙanana ne ƙwarai, saboda haka ina gauraya su da yashi, in yafa a kan fangalin da ya sha ruɓaɓɓen takin shanu, in rufe da ƙasa kaɗan. Gasaya tana son rana, ba ta jure inuwa, kuma ba ta son ruwa ya kwanta a gindinta. Ya kamata mai lambu ya sani cewa tsiron zafi ce. Idan aka shuka ta a tsakiyar hunturu, a Disamba ko Janairu, sanyin dare yana rage mata sauri, shi ya sa nake shukawa a farkon Nuwamba, ta kama ƙasa kafin iskar ta tsananta. Bayan mako biyar ko shida ake fara tsinka. Da na ga kan fure sai in cire shi, domin idan aka bar shi ganyen yakan ƙanƙance, idan kuwa aka cire sai ta yi rassa ta ci gaba da toho.

Ɗacinta ne ke korar wasu, alhali tafasa guda da tsiyaye ruwan sun isa su sassauta shi. A gidanmu ana matse dafaffen ganyen, a kwaɗa shi da dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da barkono da ɗan man gyaɗa. Bana na bar gindi goma a ƙarshen fangalin ban taɓa furensu ba, kuma kwansonsu ya fara rawaya.