Abin da fenti ya rufe

Gidan yana wata sabuwar unguwa a yammacin Kano, in ka saki titin Gwarzo ka gangara ciki, daidai inda ƙasa ta fara yin kwari. Falo ɗaya, ɗaki uku, kicin, banɗaki biyu, da rijiya a tsakar gida. A watan Maris na fara shigarsa, zafi ya kankama, ƙasa ta bushe ƙayau, lambatun layin ba komai a ciki sai leda da ƙura. Mai gidan ya sa an yi sabon fenti ciki da waje. Amma a ɗakin ƙurya, bayan ƙyaure, mai fentin ya tsallake wani ɗan wuri da bai fi faɗin tafin hannu biyu ba, kuma a nan na ga alamar. Wani zane ne mai launin ƙasa, a miƙe sambal, tsayinsa ya kusa kai mini gwiwa. Ƙasa da shi filasta ta kumbura, farin gishiri ya feso. Duk wanda ya yi shekara biyu yana dillancin gidaje ya san wannan zane. Iyakar inda ruwa ke tsayawa ke nan da damina.

Na gani. Na mayar da ƙyauren yadda na same shi, na fito tsakar gida na shiga ɗaukar hotuna.

Da daddare na sa tallan a WhatsApp da Facebook. Har yau ina iya karanto shi da ka: gida na sayarwa, sabon fenti, unguwa shiru, rijiya mai ruwa rani da damina, kusa da masallaci da makaranta. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki, kuma da wannan na lallashi zuciyata a daren. A lokacin, a ganina, maƙaryaci shi ne wanda ya ce ɗaki huɗu alhali uku ne, ko ya sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Ni kuwa ban yi ko ɗaya ba.

Wanda ya saya wani dattijo ne, malamin firamare da ya yi shekara 35 yana koyarwa, ya karɓi giratutinsa bayan dogon jira, ya haɗa da kuɗin wata gona da ya sayar a ƙauyensu. Ranar da na kai shi gani, ya zagaya ɗakunan a hankali yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa. Da muka fito tsakar gida sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, ruwa fa?"

Na ce, "Baba, rijiyar nan ba ta ƙafewa."

Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Na yarda da kai."

Na san tambayarsa tana da fuska biyu, na zaɓi wadda ta fi mini sauƙi na amsa. Aka yi tayi, aka yi albarka, aka sake tayi, aka sallama. Ya ba da kafin alƙalami, bayan sati biyu ya cika kuɗi a gaban mai unguwa da shaidu. Na karɓi la'adata, kashi 5 cikin 100, na sayi ragon suna da ita, don a watan matata ta haihu.

A tsakiyar Agusta ya kira ni da sassafe, bayan an kwana ana ruwa. Da babur na je, amma sai da na ajiye shi a bakin titi na naɗe ƙafar wando. Na iske katifu jingine a bango suna ɗiga, uwargidansa da 'yarsu suna kwarfe ruwa da robar wanki, buhun masara ya jiƙe har rabi. Shi kuma ya jera bulo guda shida a zaure ya ɗora katako, yana shanya littattafansa ɗaya bayan ɗaya, yana raba shafukan da suka manne da tsinke. Har da rajistar ajin da ya fara koyarwa, tawadar ta narke, sunayen yaran sun zama shuɗin tabo. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ka sani?"

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya yi shiru yana juya wani shafi. Sannan ya ce, "Da ka gaya mini, wataƙila da na saya duk da haka. Sai in nemi ragi, in yi ciko, in ɗaga dokin ƙofa kafin damina. Ko kuma in haƙura in nemi wani. Amma ka hana ni yin shawara da kaina."

Wannan magana ita ta gyara mini fahimtar sana'ata. Ni ina auna gaskiya da abin da bakina ya furta, shi kuwa ya nuna mini cewa ana auna ta da abin da mai saye ya tafi da shi a kansa. In na jera kalmomi na gaskiya ta yadda mutum zai fahimci abin da ba haka yake ba, kuma ina sane, to na yaudare shi, ko da kotu ba za ta kama ni da harafi ɗaya ba. Gidan nasa ne, kuɗin nasa ne, iyalin da za su kwana a ciki nasa ne. Abin da na ƙwace masa shi ne zaɓi.

Na mayar masa da la'adar a kashi uku, don na riga na ci. Muka koma wurin mai unguwa tare da wanda ya sayar. Shi dai maganarsa ɗaya, ido ya gani, hannu ya biya. Da ƙyar, bayan zama uku da sa bakin limamin unguwa, ya yarda ya ɗauki kuɗin yashi da siminti. Aka yi ciko, aka ɗaga ƙofofi. Ruwan ya ragu, bai daina ba, domin unguwar gaba ɗaya tsohon kududdufi ce da aka cike da bola aka yanka.

Hadisin nan na tarin abinci na san shi tun ina makarantar allo, amma ban taɓa jin ya shafe ni ba sai bayan wannan. Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tarin, ya ji danshi a ƙasa. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi ya tambaye shi me ya sa bai sa jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Abin lura, mai abincin bai ce busasshe ne ba. Jera shi kawai ya yi. Mu ma a dillanci muna da saman tari, wato hoton farko da layuka ukun farko na talla. Nan ido ke sauka, nan zuciya ke kamuwa. Abin da ka tura can ƙasa, ko ka ajiye sai an tambaya, ka binne shi ke nan. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani a fili cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye yana da damar mayarwa in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Wani hadisin kuma ya ce in masu ciniki biyu suka yi gaskiya suka bayyana, za a sa albarka a cinikinsu, in suka ɓoye suka yi ƙarya, a shafe albarkar. Gaskiya da bayyanawa, abu biyu aka ambata, ni kuwa na riƙe ɗaya na saki ɗaya.

Akwai dalilin da ya sa wannan ke da wuya ga dillali, kuma ya kamata a faɗe shi. Ba mu da albashi. Sai ciniki ya faɗa muke ci. Kana iya yin wata biyu kana yawo da mutane a rana, man babur daga aljihunka, katin waya daga aljihunka, ba ka ga sisi ba. Ranar da mai kuɗi a hannu ya tsaya gabanka, duk wata gaɓa ta jikinka tana ce maka ka yi shiru. Ga kuma matsayi mai sarƙaƙiya: mai gida ne ya ba ka amana ka sayar, mai saye kuma da idonka yake gani, sau da yawa ma dukansu biyun suna ba ka la'ada. Na daɗe ina tunanin dole in zaɓi ɗaya. Yanzu abin da na tsaya a kai shi ne, sirrin mai gida na kansa ina riƙe masa, kamar dalilin da ya sa yake sayarwa, ko bashin da ya taso shi, ko mafi ƙarancin abin da zai iya karɓa. Amma aibin gida ba sirrinsa ba ne. Haƙƙin wanda zai zauna a ciki ne.

Bayan ruwa, inda aka fi yin wannan wasa da kalmomi shi ne takarda. "Da takarda," in ji talla. Wace takarda? Tun daga Dokar Amfani da Filaye ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum ke riƙewa shi ne izinin zama da amfani, kuma sayar da fili mai shaidar mallaka ta gwamnati yana bukatar amincewar gwamna. Takardar ciniki da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu tana da amfaninta, tana nuna an yi ciniki gaban shaidu, amma ba ita ce shaidar mallakar da gwamnati ke bayarwa ba. Filin awon igiya daban, wanda gwamnati ta yanka daban, kuma farashinsu ma ba ɗaya ba ne. Na ga mutanen da suka biya kuɗin ɗaya suka karɓi ɗayan, sai da suka je banki neman rance, ko suka wayi gari da jan fentin hukumar tsara birane ta jihar Kano, wato KNUPDA, a katangarsu, sannan suka gane. Yanzu ina rubuta sunan takardar ƙarara, in kuma mai shaidar gwamnati ce, ina ce wa mai saye ya je KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye a jihar Kano, a duba masa kafin ya ba da ko kafin alƙalami. "Takarda tana kan hanya" kuwa na daina rubutawa sam. Abin da bai zo hannu ba, babu shi.

Gidan gado ma haka. In ban zauna da magada duka ba, ko ban ga takardar rabon gado daga kotu ba, ba na sa talla. Ƙanwa ɗaya da ke aure a Zariya, wadda ba a shawarta ba, ta isa ta tayar da ciniki bayan shekara biyar, kuma tana da gaskiya.

Sai ƙananan abubuwa da muka mayar ba komai ba. Fili ƙafa 45 a ce hamsin ne. "Minti biyar daga titi," ba a ce da mota ko da ƙafa ba, ba a ce da rani ko da damina ba. Hoton da aka ɗauka daga lungu da waya don ɗaki ya yi faɗi, ko aka karkata don kada babban layin wuta da ya ratsa saman filin ya fito. Da kuma wanda ya fi ci mini rai yanzu, saboda na yi shi ba sau ɗaya ba: "Akwai wani Alhaji da zai kawo kuɗi gobe, in kana so ka yi sauri." Babu wani Alhaji. Wani lokaci har abokin sana'a ake kira ya zo ya yi tayin ƙarya a gaban mai saye don farashi ya hau. Wannan shi ne najashu da aka hana a shari'a, sunansa kawai muka canza muka ce dabarar kasuwa. Haka ɗori, inda mai gida ya ce miliyan 12, dillali ya ce wa mai saye 14, ya soke biyu a aljihu ba da sanin kowa ba, sannan ya karɓi la'ada a kai. In gida ya bi ta hannun dillalai huɗu, kowa ya ɗora nasa, mai gida yana mamakin me ya hana gidansa tafiya.

Sauyin nan bai zo mini a banza ba. Masu gidaje da dama sun janye kayansu daga hannuna da na ce sai na faɗi aibi. A rumfar da muke zama an sha ce mini, "Malam, kasuwa ka zo ko wa'azi?" Wasunsu mutanen kirki ne masu iyali, na san abin da ke tura su, don ya tura ni. Shekarar farko abin da na samu ya ragu sosai, har sai da na koma haɗawa da sayar da bulo.

Aikin kansa ma ya ƙaru. Kafin in karɓi gida yanzu sai na buɗe kowane ƙyaure na duba bayansa, na leƙa silin, na tambayi inda sokawe yake da nisansa da rijiya. Ina zuwa da tef ina auna fili da hannuna. Ina zama wurin mai shayi ko mai shagon layin, domin su ba su da la'ada a cinikin, za su gaya maka har inda ruwa ya kai bara, da wata nawa taransifoma ta yi a lalace. In gida ya kai damina a hannuna, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi nake zuwa in ɗauki bidiyon layin, in ajiye wa duk mai son gani.

Akwai wani gida a hannuna yanzu, ta wajen Panshekara, ginin kirki, bulo mai kyau, farashi daidai. Layi na biyu na tallansa yana cewa: ruwa yana kwanciya a ƙofar gida in an yi mamako, yakan kai awa uku kafin ya janye, bai taɓa shiga ɗaki ba bisa shaidar maƙwabta. Wata bakwai ke nan bai tafi ba. Mutum tara sun zo gani, biyu sun yi tayi ƙasa da abin da mai shi ke so. Kusan kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya kira ni ya ce, "Don Allah ka cire layin nan, in sun zo sa gani da idonsu." Nakan ce masa, "Alhaji, da rani za su zo, ba abin da za su gani." Na gaya masa yana da damar ba wani dillalin, ba zan riƙe shi a rai ba. Har yanzu dai bai karɓi makullin ba, layin kuma yana nan a inda na sa shi.