Cek ya dawo? Don Allah a bar goge shi daga kwamfuta

Mutane na ganin kamar cek ya mutu tunda tiransifa da POS sunka cika gari, amma duk wanda ke riƙe da lissafin shagon kayan gini nan Birnin Kebbi ya san yana nan da ransa. 'Yan kwangila ne iyayen cek. Mutum ya kwashi siminti da rodi da kwano, ya rubuto maka cek ya sa kwanan watan gobe, ya ce kafin nan an biya shi kuɗin aiki. Wani lokaci a biya shi ɗin, wani lokaci kuma sai hamdala.

To ni aikina ke nan, ina bin shaguna ina duba masu lissafi a kwamfuta, wasu QuickBooks, wasu Sage 50 wanda har yau tsofaffin akantoci ke kira Peachtree, wasu kuma Excel ne kawai da tawakkali. Abin da na fi cin karo da shi in cek ya dawo shi ne yaron shago ya buɗe kwamfuta ya nemo inda anka rubuta kwastoma ya biya, ya danna ya goge, shi ke nan a ganinsa ai kuɗin ba su shigo ba, mi za a bar su suna yi. Wallahi na gane tunaninsa, amma wanga aiki ɓarna ne.

Mu ɗauka Alhaji ya kwashi kaya na naira 1,200,000 ya ba da cek, kun kai banki ran 3 ga wata, kun rubuta ya biya. Ran 5 ga wata sai ga alat, banki sun cire 1,200,000 ɗin, an rubuta DAR ko wani abu mai kama da haka, ma'ana a koma a nemi mai cek. Je ka ciro sitetimen na wannan watan ka duba da idonka. Layi biyu za ka gani, shiga ran 3, fita ran 5. Banki bai goge komai ba. To kai da ka goge, littafinka ba shiga ba fita, ranar da za a zauna daidaita littafi da sitetimen sai a ga layi biyu ba su da 'yan uwa a kwamfuta, in kuma an riga an rufe watan da anka kai cek ɗin sai lissafin da ya daidaita a da ya wargaje, kuma wanda ya goge ɗin watakila ma ya bar aiki ya koma Jega yana tasa sana'ar, ba mai tuna mi ya faru.

Biyan farko a bar shi inda yake. Sabon layi za a shigar, da kwanan watan da banki sunka cire kuɗin, ba ranar da maigida ya ji labari ba. A rage 1,200,000 daga akawun ɗin banki, a mayar da su kan Alhaji a matsayin bashi. Iyakarsa ke nan. Inbois ɗinsa, wato takardar cinikin kayan da ya kwasa, ya koma ba a biya ba, duk wanda ya buɗe shafinsa zai ga ya biya, cek ya dawo, bashi ya koma. A wurin bayani a rubuta lambar cek da sunan banki da dalilin da sunka bayar.

Masu QuickBooks Desktop, wanda ake girkawa a kwamfuta ba na intanet ba, ma an sauƙaƙa masu, in ka buɗe biyan a shafin karɓar kuɗi akwai wani maɓalli Record Bounced Check, shi zai yi duk wannan da kansa. Sai dai fa a kula, zai tambaye ka nawa bankinka ya caje ka da nawa kake son ɗora ma kwastoma, don manhajar a Amurka anka yi ta da al'adar bankunan can. Mu nan, a jadawalin caji na babban bankin Najeriya CBN tarar cek ɗin da ya dawo don babu kuɗi a akawun kashi 1 cikin 100 ce ko naira 5,000, wanda duk ya fi yawa, kuma mai cek ake cire ma. Wato Alhaji ya riga ya sha 12,000 a nasa bankin. Kai duba sitetimen ɗinka, in an cire maka wani abu sa shi a cajin banki shi kaɗai, in ba a cire ba bar wurin fayau, kar ka ƙirƙiro.

Wasu kuma sai su je su soke cinikin gaba ɗaya ko su rubuta kamar an dawo da kaya. Ina kayan? Simintin na can an zuba kankaren rufin gini da shi a Kalgo. Ka soke ciniki, kwamfuta ta ce kana da buhu kaza a sito alhali babu, kuma harajin VAT na kashi 7.5 da ke kan inbois ɗin ya ɓace daga lissafi, abin da ba ruwansa da ko an biya ka ko ba a biya ba. Ciniki ya faru, biya ne bai faru ba.

Inda abin ya fi wuya ba kwamfuta ba ne, kiran waya ne. Maigida ba ya son kira don suna sahu ɗaya a masallaci, ko akwai surukuta, sai a tura ni ko yaron shago. Ranka ya daɗe, takardar nan banki sun maido ta. Sai ka ji, subhanallahi, ai ba su sake mana kuɗin ba ne, ku sake kai ta ran Litinin. Kuma sau da yawa gaskiya yake faɗa, ba kowane cek da ya dawo ne na ɗan damfara ba, wani sa hannu ne bai yi daidai ba, wani kuɗin da anka rubuta da lamba ya saɓa da na kalmomi, wani ya wuce wata 6 a durowa ya tsufa, wani banki sun kira mai shi don ya tabbatar waya na kashe.

Amma in babu kuɗi ne, doka ba ta ɗauke shi wasa ba. Tun 1977 akwai dokar cek na bogi a Najeriya, ɗaurin shekara 2 ba zaɓin tara ga wanda ya karɓi kaya da cek ɗin da ya dawo don rashin kuɗi, muddin an kai shi banki cikin wata 3 daga kwanan da ke jiki. Ni ban cika son a kai ga nan ba, kotu ba ta sayar da siminti. Sai dai in ta kama dole, abin da za a nema shi ne hoton cek, sitetimen, inbois da shafin kwastoma, to wanda ya goge biyan da mi zai nuna an taɓa ba shi cek?

In Alhaji ya ce a sake kai cek ɗin, ko ya turo 700,000 ta tiransifa ya ce sauran sai wani sati, sabon biya ne, a shigar da shi da sabon kwanan wata a kan tsohon inbois ɗin nan, saura 500,000 su ci gaba da nunawa a kansa. Kuma a gaya ma yaran sito kar a sake loda masa ko buhu ɗaya sai maigida ya ce.