Gasar ƙwallon da na ƙirƙira a Jos da rigunan da na zana mata

Sana'ata zane a kwamfuta. A wani ɗan shago nake aiki cikin garin Jos, muna buga katin biki da kalanda da fasta da bajon makarantu. Idan lokacin gasar unguwanni ya zo, samari kan shigo a yi musu tambari da jesi, kuma kusan bakinsu ɗaya: a sa zaki ko mikiya, a ɗora kambi a sama, a kewaye da garkuwa, a rubuta United a ƙasa. Wani ma wayarsa zai buɗe ya nuna maka tambarin Chelsea, ya ce a goge sunan a sa nasu. Ina yi musu, tunda su suka biya, amma abin yana ci mini rai. Garin nan shi ya haifi Mikel Obi da Ahmed Musa da Moses Simon. Mighty Jets ce ta ɗauki kofin lig na farko a Najeriya a 1972, Plateau United kuma ta sake kawo shi gida a 2017. Gari irin wannan bai kamata 'ya'yansa su rasa abin mannawa a ƙirji sai na Landan ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Shi ya sa na ƙirƙiri gasar da babu ita. Babu hukuma, babu filin wasa, babu ɗan wasa ko ɗaya, sai ƙungiyoyi takwas a cikin kwamfutata, kowace da garinta a jihar Filato. Na ce zan yi wa kowace tambari, da rigar gida, da rigar waje, da rigar gola, da lambobin baya, kamar gobe za a take wasa. Sharaɗi biyu na gindaya wa kaina. Ba zaki, ba mikiya, ba kambi. Sannan kowace ƙungiya sunan garinta kawai za ta ɗauka, ba ƙari, duk abin da zai shiga tambarinta kuma sai wanda ɗan garin zai iya nunawa da yatsa ya ce ga shi can.

Da Bukuru na fara, a nan kuma na fi daɗewa. Kowa ya san Bukuru garin kuza ne. Tuddan jar ƙasa da manyan kududdufan da ke kewaye da garin duk ragowar haƙa ce tun zamanin kamfanonin Turawa, kuma har yau akwai masu shiga ramin loto, wato ramin haƙar kuza da hannu, suna neman na abinci. Diga da shebur a giciye su ne abin da hannu ke saurin kaiwa gare shi, sai dai ba su ce komai game da Bukuru ita kaɗai ba, domin kowane garin ma'adinai a duniya zai iya sa su. Na ɗauki takardun zanena na je wurin wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi ƙuruciyarsa a aikin kuza. Ya juya su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, “Ɗana, diga ai ta kowa ce, har mai haƙa rijiya. Kuza a ƙwarya ake ganinta.”

Na ce, “Baba, yaya ke nan?”

Sai ya kwatanta mini da hannu yadda ake wankin kuza: a zuba ƙasa a ƙwarya, a riƙa juya ta cikin ruwa, yashi mara nauyi ya bi ruwa ya fita, kuza mai nauyi ta kwanta a gindi baƙa wuluk. Ya ƙara da cewa farar kuzar da mutane suka sani sai bayan an narkar, kamar yadda ake yi a da a matatar Makeri.

Daga wannan hirar na sami tambarin da rigunan gaba ɗaya. Tambarin da'ira ce, wato bakin ƙwarya idan ka leƙo ta daga sama, a ciki layi uku suna juyawa kamar ruwa, a ƙasa kuma ɗan lanƙwasasshen baƙi inda kuza ta taru. Wanda bai san labarin ba zai ɗauka ƙwallo ce ke juyawa, kuma hakan ma ya yi mini. Rigar gida na yi ta baƙa, kuza kafin ta ga wuta, rigar waje kuma ruwan azurfa, kuza bayan narkarwa. Da na koma na nuna wa dattijon, bai tambayi ma'anar komai ba, yatsa kawai ya ɗora a kan baƙin nan na ƙasa ya ce, “Ga ta nan.”

Wasu garuruwan ba su wahalar da ni ba. Panyam kifi ne, saboda gonar kifin da aka san garin da ita. Vom kan saniya ne, albarkacin cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke can tun 1924. Bokkos garin dankalin Turawa ne, amma dankali a zane dunƙule ne kawai mara fasali, don haka furensa na ɗauka, mai kunne biyar da rawaya a tsakiya, wanda duk manomin yankin ya san shi tun yana yaro. Shendam doya da shinkafa, a rigarta kuma na lura da abin da ba ya fitowa a hoto: can ƙasa ne, zafi ake yi, yadinta sai mai ƙananan ƙofofi da iska ke ratsawa. Ƙungiyoyin kan tudu kuwa na ƙara musu mai dogon hannu, domin wanda ya taɓa buga ƙwallon asuba a Jos cikin watan Disamba ya san dalili.

Riyom da Wase ne suka sa ni tunani, tunda dukansu da dutse aka san su, gasa ɗaya kuma ba ta ɗaukar tambari biyu masu kama da juna. Mafitar a jikin duwatsun take. Na Riyom ɗore-ɗore ne, manyan duwatsu wani a kan wani kamar hannu ne ya jera su, har ana cewa siffarsu ta yi kama da taswirar jihar. Na Wase guda ne tal, ya miƙe sama daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ana hango shi daga nesa. Sai na yi na Riyom da dunƙule-dunƙule a cikin da'ira, rigar ma ratsinta a kwance, hawa-hawa. Na Wase dogo ne siriri, rigar kuma ratsi ɗaya ne mai faɗi daga wuya zuwa ƙugu. Ko daga bayan raga ka hango su, ba za ka haɗa su ba.

Launi ya fi siffa nauyi a garinmu, kuma wannan ba maganar ado ba ce. Wanda ya zauna a Jos lokacin rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 ya san yadda unguwanni suka rabu, ya san akwai alamar da idan ka sa ta, ka riga ka faɗi ɓangarenka kafin ka buɗe baki. Dokar ƙwallo ta huɗu, wadda ta shafi kayan 'yan wasa, ta hana saƙon siyasa ko na addini a jikin riga, amma a nan abin ya wuce rubutu. Ja da fari da kore a jere, an tuna jam'iyya. Tsintsiya ko lema ba a ma maganarsu. Dagin Arewa ina son sa ƙwarai, yana cikin zanen da na fi sha'awa a jikin gini da fata, amma na ajiye shi, domin wani abokin aikina ɗan ƙabilar Birom ya faɗa mini gaskiya cewa shi idan ya gan shi a riga, zai ji ba da shi aka yi ƙungiyar ba. Ni ma akwai alamun da idan na gani haka zan ji. Don haka duk zanen da na gama, sai na nuna wa mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, tambayata kuma ɗaya ce: za ka sa wannan ka ratsa kowace unguwa da ita? Idan ɗayansu ya yi jim, na koma kan zanen.

A 2012 mai ƙungiyar Cardiff City ya sauya musu riga daga shuɗi zuwa ja, magoya baya suka ƙi yarda, suka yi ta bore har aka mayar da shuɗin a 2015. Wannan labarin yana raina duk lokacin da nake zaɓar launi. Tawa gasar ba ta da 'yan kallo da za su yi mini bore, don haka ni nake fita neman su, a tasha, a gidan kallon ƙwallo, a wurin mai shayi, in sami ɗan Bokkos ko ɗan Wase in miƙa masa waya.

Daga nan sai aikin ya sauko daga kwamfuta ya hau yadi, kuma a nan ne na ƙaru da abin da shekarun buga kati ba su koya mini ba. Tambari dole a zana shi da layi a manhajar zane irin CorelDraw ko Inkscape, ba a matsayin hoto ba, don a iya faɗaɗa shi ya cika allon talla ko a matse shi ya zauna a hula bai fashe ba. Wannan na sani. Abin da na gani da idona a wurin mai injin surfani shi ne iyakar zare. Ya kalli furen Bokkos ya ce, “Malam, waɗannan ƙananan jijiyoyin allura ba za ta bi su ba, cuɗewa za su yi.” Rubutun da bai kai rabin santimita ba ma haka, haruffan toshewa suke yi. Na rage kowane tambari zuwa launi uku ko ƙasa da haka, na kaurara layukan, na cire duk wata inuwa. Mai bugun sikirin, wato mai matsa tawada a kan yadi ta cikin raga mai firam, shi ma ya ji daɗin hakan, tunda kowane launi da nasa firam, kowane firam kuma kuɗi ne.

Baƙar rigar Bukuru ta zo da nata darasin. Jesin zamani yawanci da zafi ake buga shi: a buga zanen a takarda, a danne ta a kan yadin roba da inji mai zafi, tawadar ta shige cikin zaren. Wannan hanya ba ta da farar tawada, saboda haka a kan farin yadi ake yi, baƙar riga ma farin yadi ce aka rine fuskarta. Idan yadin mara kauri ne, da ɗan wasa ya miƙe hannu sai fari ya leƙo ta tsakanin zaren, baƙin ya koma toka-toka. Sai da muka nemi yadi mai nauyi kafin ta zauna. Koren Shendam kuma da ke walƙiya a fuskar kwamfuta ya fito a dushe, domin allo da haske yake haɗa launi, inji kuma da tawada. Yanzu ba na amincewa da launi sai na ga ɗan ƙyallen gwaji a rana.

Gwaji uku nake yi wa kowane zane. In matse tambarin ya koma girman hoton WhatsApp, in ga ko ana gane shi. In buga rigunan ƙungiyoyi biyu a baƙi da fari, domin akwai maza da dama da ba sa bambance ja da kore, kuma idan riguna biyu suka zama toka iri ɗaya a takarda, to a idonsu ma suna iya zama haka. Na uku, in rataye rigar a ƙarshen fili da yamma lokacin hazo, in koma ɗaya ƙarshen in karanta lambar. Lambobi masu ƙawa da yawa a nan suka faɗi, 6 da 8 suka zama abu guda.

Haruffan sunaye ma da hannuna na ƙarasa su. Yawancin salon rubutun da ake sa wa jesi babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsu, shi ya sa za ka ga yaro sunansa Ɗanladi amma bayansa an rubuta Danladi. Na zauna na zana wa kowane harafi ƙugiyarsa daidai kaurin sauran, yadda ba za ta yi kama da abin da aka liƙa daga baya ba. A gasata ba a cire wa kowa ƙugiyar sunansa.

Tambarin gasar kanta shi na yi a ƙarshe, na kuma yi shi mara hayaniya, tunda a hannun rigar kowace ƙungiya zai zauna, bai kamata ya yi gogayya da nata ba. Na so in yi amfani da idon gunkin Nok mai kusurwa uku, irin waɗanda ke gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, amma garin Nok a jihar Kaduna yake, ga shi kuma ba kowa ne zai so siffar gunki a jikinsa ba. Abin da na tsaya a kai layi ne guda: ya taso daga ƙasa, ya hau kamar Hawan Kibo, titin da ke hawa tudun Jos, ya miƙe a sama, ƙwallo na zaune a kai. Launi ɗaya ne, fari a kan riga mai duhu, baƙi a kan mai haske.

Ta takwas ita ce ƙungiyar cikin garin Jos, kuma har yanzu ina kanta. Ban ba ta sunan wata unguwa ba, domin duk wadda na ɗauka na bar rabin gari a waje. Kasuwar Taminus da ta haɗa kowa ta ƙone tun 2002, yaran da ke buga ƙwallo yau ba su san ta da rai ba. Hankalina ya fi kwantawa da kasuwar Farin Gada, inda manomin da ya kawo kabeji da karas da tumatir da dillalin da zai loda su zuwa kudu suke ciniki da Hausa ɗaya, kowa da addininsa. Na zana kwandon tumatir daga sama, saƙarsa ta zama ratsin rigar, ja a kan ruwan ƙasa. Mai surfani ya ce saƙar ta yi ƙanana, sai na rage yawanta. Ranar kasuwa mai zuwa zan kai ƙyallen gwajin wurin masu kayan gwari, in ji ko za su sa.