Na gwada sayar da labarai ta waya a Sakkwato, ga yadda ta kaya

Masu cewa mutanenmu ba su biyan kuɗin karatu a intanet ban yarda da su duka ba, don ni na gwada. Ni da wani abokina munka buɗe 'yar jarida a waya, labaran gari da sharhi, ₦500 a wata sai mu saka mutum a guruf na WhatsApp. Watan farko 'yan'uwa da abokai sunka biya saboda kara, wata na biyu shiru kake ji. Kuma ban ga laifinsu ba wallahi, mutumin da ke jin BBC Hausa da Rima Radio kyauta mi zai sa ya biya ni in maimaita mishi abin da ya riga ya ji da asuba? Ga shi mutum guda in ya biya sai ya tura ma guruf goma kafin a yi azahar.

Abin ya juya ne ranar da wani Alhaji dillalin albasa ya ce min, "Malam, ni ba sharhin siyasa nike so ba, gaya min nawa buhu ya kwana a Achida, nawa anka sayar da sa a Illela." Daga nan munka nemi yara masu shiga kasuwanni, suna aiko muna da farashin albasa da gero da wake da dabbobi, ni kuma in haɗa in tura da murya don da yawansu ba su da lokacin karatu, wasu ma boko bai dame su ba. To wannan kam an biya, kuma ba su tura ma kowa, don wanda ya san farashi kafin abokin cinikinsa ba zai raba ba.

Wahalar da ba a faɗi ita ce karɓar kuɗin. Jaridar New York Times ta Amurka ta fara karɓar kuɗi kan karanta labaranta a intanet a 2011, yanzu masu biyanta sun haura miliyan 10, amma su kati ne, kwamfuta ke cirewa duk wata ko mutum ya tuna ko bai tuna ba. Mu nan ƙarshen wata ni ne zan bi mutum ɗaya-ɗaya, wani ya turo ta OPay, wani ya je gun mai POS ya aiko hoton rasit da ba ya ko karantuwa, wani ya ce "Malam a yi haƙuri sai na dawo daga Legas", kuma kunya ba ta bari in cire dattijo daga guruf. Na duba Substack ma, shafin intanet da marubuta ke sayar da rubutunsu, suna cire kashi 10 cikin 100 kuma biyan ta Stripe ne, kamfanin karɓar kuɗi da kati a intanet, bai dace da mai albasa a Goronyo ba. Da anka ƙara kuɗin data da kira da kashi 50 a farkon 2025 wasu sun sauka, sun ce data kaɗai ta ishe su.

Yanzu kuɗin masu biya na ɗaukar data da kuɗin mashin na yaran, ɗan abin da ke saura min daga tallan shaguna biyu na taki da maganin feshi yake fitowa. Sharhin kuma ina yi har gobe amma kyauta, a Facebook.