Hawan dutse a bakin ruwan Tiga, ba gaggawa

Duk wanda ya saba hawa Dala ko Goron Dutse ya san daɗin kallon gari daga sama. Amma in ruwa ake son gani shimfiɗe a ƙasa, sai an fita zuwa madatsar ruwa ta Tiga, kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano, ta hanyar Zariya a wuce Kura. Madatsar an kammala ta a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, a kan Kogin Kano, kuma akwai duwatsu a gefenta da ba su fi ƙarfin mai tafiya a hankali ba.

Lokaci shi ne rabin tafiyar. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi: ruwa ya cika, ciyawa ba ta gama bushewa ba, sama garau. Da hunturu ya kankama ƙura kan rufe ruwan, sai ka sha hawa ba ka ga komai ba. Bazara kuwa, zafi kan kai digiri 40, a haƙura kawai. A bar gari bayan Asuba, a fara hawa wajen bakwai da rabi, a sauko kafin sha ɗaya, domin dutse yana riƙe zafi yana mayar wa mutum ta tafin ƙafa.

Kowa ya riƙe ruwan sha lita 2, ban da na alwala. A haɗa ruwan gishiri da sukari tun daga gida: lita 1, ƙananan cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Sai dabino, gyaɗa da malafa. Takalmi kambas mai ƙasan roba. Silifas shi ke kayar da mutane.

Kafin hawa a gaisa da mutanen wurin, a nemi wanda ya san hanya. Su suka san inda zuma ta yi gida a kogo, shi ya sa ma ba a fesa turare ranar. Kusa da ginin madatsar kuma a tambayi ma'aikata kafin a ɗauki hoto.

Ba a tunkarar gangare kai tsaye, ana yi masa karkace, dama da hagu, da gajeren taku. Bayan kowane minti 15 a tsaya, a kurɓi ruwa, a juyo. Daga nan ake hango masunta a kwale-kwale, da balbela a bakin gaɓa, abin da ya sa aka zo ke nan. Wanda ya kasa hira saboda haki, ya yi sauri da yawa.

Saukowa ta fi haɗari, don gwiwa ta gaji kuma tsakuwa na gangarawa ƙarƙashin ƙafa. A sauko a kaikaice, a guji baƙin wurin da ruwa ya bi, santsi gare shi. Kada a cusa hannu a tsaguwar dutse, maɓoyar kububuwa da kunama ce. In maciji ya yi sara, ba tsagawa ba ɗaurewa da igiya, sai asibiti nan take.

Bayan an sauko ruwan zai ba da sha'awa, amma kada a shiga. Ƙananan dodon-koɗi na irin wannan ruwa ke ɗauke da tsutsar tsargiya, ta fata take shiga, sai bayan makonni a ga fitsarin jini. Yara musamman, a riƙe hannunsu.