Na yi gyaran gaba da laser bayan al'adata ta ɗauke

Da jinin al'adata ya ɗauke ina da shekara 49, zafin da ke taso mini daga ƙirji zuwa fuska bai dame ni ba, mu da muka saba da zafin Garwa na watan Afrilu. Bushewar gaba ce ta hana ni sakat. Kwanciya da Alhaji ta koma kamar ana goga mini barkono, fitsari kuma ya yi ta ƙuna har washegari. Ranar girkina ta zama ranar fargaba. Sai in ce kaina na ciwo, ko in yi ta kakkaɓe-kakkaɓe a kicin har barci ya ɗauke shi. Shi yana ganin gudunsa nake yi, ni ina ganin na tashi daga aiki, ga abokiyar zamana da sauran ƙuruciyarta.

Shawarar mata kuwa na sha ta: tsimi, gumba, dahuwar kaza, matsi. Na ci da na sha ba su yi mini komai ba. Matsin da ake cusawa shi ne mugun, domin aikinsa tsotse ruwa, ni kuwa ruwan ne babu.

'Yar yayata da ke Yawunde ce ta ba ni labarin wani asibitin kuɗi mai na'urar laser, wato mai aiki da haske mai ƙarfi, wai tana mayar da tsohuwa yarinya. Na kwashe adashina, na hau mota zuwa Ngaundere, daga nan jirgin ƙasa na dare. An duba bakin mahaifata tukuna, sannan aka sa wani siririn ƙarfe da ke yi wa fatar ciki ƙananan ƙuna don ta toho sabuwa. 'Yan mintoci ne, ɗumi kawai na ji. Zama uku ake yi, tsakaninsu mako 4 zuwa 6, kuma bayan kowanne sai an ƙaurace wa miji na 'yan kwanaki.

Na ji sauƙi, ba zan yi ƙarya ba. Amma kafin shekara ta zagayo raɗaɗin ya dawo da ƙarfinsa.

Wata likitar mata a nan Garwa ce ta zaunar da ni. Ta ce, "Hajiya, ke ba buɗewa kika yi ba. Sinadarin jikin mace da ake kira estirojin ne ya ja baya, shi ya sa fatar ta yi siriri ta bushe." Ta gaya mini tun a 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan irin waɗannan na'urori, cewa suna iya jawo ƙuna da tabo da ciwo mai daɗewa. A 2021 kuma an gwada a Ostireliya: wasu mata aka yi musu laser na gaske, wasu aka yi musu na wasa ba tare da sun sani ba, bayan wata 12 ba a ga bambanci ba. Na yi shiru ina lissafin adashina.

Ta tambaye ni ko an taɓa samuna da kansar mama, ko na ga jini tun bayan ɗaukewar al'ada, domin jini a wannan shekarun sai an bincika. Da na ce a'a, ta rubuta mini man estirojin na sawa a gaba, kullum a farko, daga baya sau biyu a mako, da man santsi mai ruwa na lokacin kwanciya. Kuɗinsu duka bai kai na tikitin jirgina ba.

Wuyar da ta rage kuwa ita ce buɗe baki. Wani dare na daure na ce, "Alhaji, wallahi ba ƙinka nake yi ba, ciwo nake ji." Ya daɗe bai ce uffan ba, can ya ce, "Haba Hajiya, duk tsawon lokacin nan ke kaɗai kike cin wannan wuya?" Tun daga ranar ya daina gaggawa, kuma a ganina rabin jin daɗin da na samu daga nan ya fito. Barcina ya dawo, na daina tsargar kaina idan na ji dariyarsu a ɗakin amarya.

Man dai ba a daina shi, in aka bari bushewar dawowa take yi. Wani lokaci yana yankewa a famasin unguwarmu, don haka biyu-biyu nake saya.